Tayoyin da Suka Zo Daga Mina

Duk shekara, idan alhazai suka watse, gidan Mukhtaru da ke unguwar Ka'akiyya a Makka sai ya cika da kayan Mina. Tun yana saurayi yake kula da ruwa da abinci a tantunan Alhaji Marwan, mai kamfanin hidimar alhazai, kuma al'adar Alhaji Marwan ce idan an naɗe tantuna ya raba wa tsoffin ma'aikatansa abin da ya rage. Wata shekara barguna, wata shekara shinkafa, akwai ma shekarar da aka kawo kulolin ƙanƙara har sai da aka jera su a saman bene. Mutanen gidan suna kiran kayan albarkar alhazai. Ba a tambayar albarka don me aka yi ta. Karɓa ake yi, a yi godiya, a nema mata amfani.

Bana tayoyi aka samu, guda huɗu, sababbi ful. An saye su ne don tirelar da ke jan tankin ruwa tsakanin tantuna, aka gama Hajji ba a buƙace su ba. Alhaji Marwan da kansa ya ja Mukhtaru gefe ya ce, "Waɗannan naka ne, na ga na motarka sun gaji." A ranar Mukhtaru ya kai motar wurin wani mai faci a titin Mansur, aka gwada, suka zauna a kan wili daidai kamar don shi aka yi su. Tsoffin ya bar wa mai facin.

Maha, babbar 'yarsa, ba ta san da wannan ba sai ranar Laraba da la'asar, da ta dawo daga Jidda. A can take aiki, a wani ɗakin gwaji inda ake auna ingancin tayoyin da 'yan kasuwa ke shigowa da su. Ta zo ne don ziyarar da gidan ke yi kowace shekara bayan Hajji: a cika Jims, tsohuwar farar motar nan mai kwashe gida guda, a kama hanyar Madina da kakarta Hajiya Ɗaso a kujerar tsakiya. Washegari da safe za a tashi.

Ta tarar da motar a ƙofar gida, an wanke ta tana ƙyalli. Babanta da ƙaninsa Sa'ud sun shimfiɗa darduma a inuwar katanga suna shan shayi da na'ana'a. Ta gaishe su, ta sumbaci kan babanta, har ta nufi ƙofa sai idonta ya faɗa kan tayar gaba. Aikinta ya riga ya ɓata ta, ba ta iya wuce taya ba ta karanta gefenta ba. Ta tattare abayarta ta durƙusa.

"Muhandisa ta kama aiki," in ji Sa'ud. Haka yake kiranta tun da ta gama karatun injiniya. "Duba da kyau, 'yata. Gashin jikinsu ma bai kakkaɓe ba."

Gaskiyarsa, 'yan tsirin robar da ke jikin sabuwar taya suna nan tsaye. Amma ba su Maha ke kallo ba. Ta bi jerin lambobin da ke gefen tayar da yatsa har ƙarshe, inda wani harafi ke zaune shi kaɗai. Ta duba ta baya, ta zagaya ɗaya gefen. Duka huɗun bakinsu ɗaya.

"Abuya, daga ina waɗannan?"

"Albarkar alhazai," Mukhtaru ya ce yana murmushi. "Alhaji Marwan ne ya ba ni hannu da hannu."

"Na tirela ne fa."

"Na sani. Abin da ya ɗauki tankin ruwa ai ba zai kasa ɗaukar kakarki ba."

Sa'ud ya yi dariya har shayi ya ɗiga masa a jallabiya.

"Ba maganar nauyi nake ba, maganar gudu nake," in ji Maha. "Kowace taya tana da harafi a ƙarshen lambobin nan. Shi ke faɗin iyakar gudun da aka gwada ta a kai ta jure. Tsoffin naka S ne, kilomita ɗari da tamanin a awa. Na motar Baffa H ne, ɗari biyu da goma. Waɗannan L ne, Abuya. Ɗari da ashirin, shi ke nan. Kai kuma da ka wuce Jumum ɗari da arba'in kake takawa, idan Baffa ya wuce ka har ka ƙara."

"Hukuma ce ta rubuta ɗari da arba'in a allon hanya."

"Hukuma ba ta san tayar tankin ruwa ka ɗaura ba."

"To ai ashirin ce kawai tsakani," in ji Sa'ud. "Masu yin taya suna barin rara. Kamar maganin da za a ce maka lokacinsa ya wuce, ka sha kuma ka warke."

Irin wannan maganar ce ke tayar wa Maha da jijiyar wuya. Mutum ya ji abin da zai iya kifar da iyalinsa a kan kwalta, amma ya nemo misalin da zai ba shi damar ci gaba da shan shayinsa. Ta miƙe tsaye. Ta ce musu ɗari da ashirin ɗin ma a ɗaki mai sanyi aka samo ta, da iska cikakkiya, a kan ganga mai santsi, na ɗan lokaci. Ba a kan hanyar Madina da tsakar rana ba, da mota cike da mutane da kuloli.

"Taya ba dutse ba ce. Duk juyi ɗaya, wurin da ya taɓa ƙasa lanƙwashewa yake yi, sannan ya miƙe. Baffa, ka taɓa lanƙwasa waya kana miƙe ta da sauri? Zafi take yi har ta ƙona ka, can sai ta karye. Haka taya take. Idan gudu ya wuce ƙarfinta, kafin wurin ya gama miƙewa ya sake dawowa ƙasa. Sai ka ga gefenta yana rawa kamar tutar da iska ke kaɗawa. Zafi ya taru a ciki, roba ta saki wayoyin ƙarfen da ke riƙe da ita, gudun kuma yana fizgar bayanta waje. A wurin aiki ta bayan gilashi nake kallon wannan. Ba ta sallama. Yanzu tana juyawa lafiya, yanzu ta zama tsumma."

Mukhtaru ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaskata.

"Zafi. To ai shi ya sa muke rage iska kafin mu tashi."

Wannan ma al'ada ce, ta ma girmi ta Alhaji Marwan. Duk safiyar tafiya Madina, bayan an gama loda kaya, Mukhtaru zai zagaya motar da ɗan makulli, ya danna bakin kowace taya, iska ta fito tana huci. Wai don taya ta sami wurin numfashi idan hanya ta yi zafi, kada ta cika ta fashe. Daga babansa ya gada, marigayi Maman, direban babbar mota. Rabin mazan unguwar haka suke yi, kowa da sunan babansa a matsayin hujja.

"Wannan ma ya fi kashe mutane," in ji Maha, muryarta ta fara hawa. "Tayar da ba ta da iska ta fi lanƙwashewa, ta fi yin zafi. Da hannunka kake ƙara mata abin da kake tsoro. Kuma duk wanda taya ta fashe da shi a hanyar nan sai a taru a yi ta'aziyya, a ce kwana ya ƙare, a sha gahawa a watse. Ba wanda zai durƙusa ya duba abin da ya ɗaura wa tasa motar. Kwana na Allah ne, amma makullin da ke fitar da iskar a hannunmu yake."

"Babana ya tsufa a hanyar nan yana rage iska, taya ba ta taɓa fashewa da shi ba."

"Sidi Maman bai taɓa wuce tamanin ba, motarsa ba ta iyawa. Da ya yi irin gudunka da wannan dabarar tasa, da ba a haife ka ba."

Tana rufe baki ta san ta wuce wuri. Mukhtaru ya kife kofinsa a kan faranti, ya zura takalmi ya shige gida. Sa'ud ya bi shi da kallo, sannan ya dawo da idonsa kanta.

"Muhandisa, ke ma kin yi zafi. Ke ya kamata a rage wa iska."

Hajiya Ɗaso tana ɗakinta tana ƙulla dambun nama a leda-leda don guzuri. Tagarta a kan titi take, don haka babu abin da ya wuce ta. Maha ta zauna a bakin gado ta cire mayafi.

"Sitti, mu hau jirgin ƙasa mana. Kafin ki gama lazimi muna Madina, ga sanyi."

"Jirgin naki zai tsaya min in yi alwala inda na saba? Zai ɗauki kulolina? Ni a motar ɗana zan je in gai da Manzon Allah, kamar kullum."

"Ko da tayar za ta fashe?"

"Ba ke kika yi karatun hana ta fashewa ba? To hana ta. Amma ba da wannan bakin da kika buɗe a gaban ƙaninsa ba. Miƙo min ledar can."

Maha ta miƙa mata, ta zauna tana juya abin a ranta. Tayoyin ba za su fita ba, wannan ta sani. Alhaji Marwan a Madina yake hutawa bayan Hajji, kuma babanta sai ya je gaishe shi a cikin wannan motar, ya nuna masa kyautarsa a ƙasa. Ta ce ba za ta je ba? Sai me? Sitti da Ummi da ƙannenta mata biyu za su shiga, ko tana nan ko ba ta nan. Abu biyu suka rage, gudu da iska, kuma gudun yana ƙarƙashin ƙafar duk wanda ya riƙe sitiyari.

Bayan magariba ta haɗa shayi ta kai wa babanta falo. Yana kwance a ƙasa, ya tokare bayansa da matashi, kamar yadda yake yi tun da ya dawo daga Mina.

"Abuya, ka yafe min abin da na faɗa a kan Sidi."

"A kan tayoyin fa?"

"Wannan ba zan janye ba."

Ya kusa yin murmushi. "Na sani. Kan uwata gare ki."

"Ka ba ni tuƙin gobe. Ummi ta ce tun ranar Arfa bayanka ke ciwo."

"Ummanki ta cika magana." Ya kurɓi shayin, ya gyara matashin, ya ɗan yamutsa fuska. "Nawa za ki yi?"

"Ƙasa da ɗari."

"La haula. Sa'ud zai yi azahar a Harami, ya ci abinci, ya yi barci, mu muna hanya muna ƙirga raƙuma."

"Zai yi. Mu kuma mu yi la'asar, dukanmu."

Can ya laluba aljihu ya ajiye makullin motar kusa da farantin.

"Saboda bayana," ya ce. "Haka za ki gaya wa Sa'ud."

"Saboda bayanka. Iskar kuma a bar ta yadda zan auna."

"Allah ya kai mu goben."

Ta ɗauki wannan a matsayin to, don haka take son ya zama.

Bayan asuba, tun tayoyin suna da sanyi, ta fito da ma'aunin iskarta ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai facin ya cika su daidai, ta yi masa addu'a a ranta. Sannan aka shiga lodi: kuloli, dardumomi, jarkokin zamzam na 'yan uwan da ke Madina, keken guragun da Sitti ke ƙin hawa sai an isa harabar masallaci. Ummi tana ba da umarni daga bakin ƙofa, ƙannen Maha suna faɗa kan wanda zai zauna a taga. Rana ta fara ɗagawa Sa'ud ya iso da iyalinsa a sabuwar motarsa. Ya ga makulli a hannun Maha, aka gaya masa maganar ciwon baya, ya ce Allah ya sawwaƙe da muryar da ta nuna bai yarda ba.

"Yaya, ba a rage iska ba?"

"Baffa, kai ka rage taka?" in ji Maha.

"Tawa ba ta yarda. Da na taɓa sai ta kunna min fitila ta yi ta kuka kamar jaririya. Amma Jims ai ta san al'ada."

Maha ta haɗiye abin da ya zo mata baki, ta shiga ta fito da kakarta. Sun ɗan daɗe, don sai da Sitti ta koma neman carbinta. Da suka fito, tsohuwar tana dafe da kafaɗarta, sai ta hango babanta yana miƙewa daga gindin tayar baya ta dama, hannunsa yana komawa aljihu.

"Dutse ne ya maƙale," ya ce, ba tare da an tambaye shi ba.

Ma'aunin yana cikin jakarta. Durƙusawa kawai za ta yi. Amma Sa'ud yana tsaye, maƙwabta biyu sun fito sallama, kuma idan ta durƙusa ta ƙaryata mahaifinta ke nan a kan titi, kwana biyu a jere. Zai karɓi makullinsa, ya bi sauran ukun ya rage, ya taka ɗari da arba'in don ya nuna mata. Ta kalli tayar. Ta ɗan yi tumbi a ƙasa, ko kuwa nauyin kaya ne? Ta zaunar da Sitti, ta ɗaura mata bel, ta yanke a ranta cewa za ta rage gudu fiye da yadda ta faɗa, kuma ba za ta yi nisa ba sai ta tsaya.

Sitti ta karanta addu'ar tafiya, kowa ya amsa, aka tashi. Ba su gama fita gari ba motar Sa'ud ta wuce su da hon biyu, yaransa suna ɗaga hannu ta gilashin baya.

Tafiyar ta yi daɗi, ko Maha da hankalinta ke kan tayar baya ta san haka. Ta tsaya a layin dama, allura tana wasa a kan casa'in. Ummi ta buɗe dambu tun ba a je ko'ina ba, ƙamshinsa ya cika motar. Ƙannen suka daina faɗa suka koma waƙa. Mukhtaru yana gefenta, ƙafarsa ta dama tana danna totur ɗin da babu shi.

"Bas ta wuce mu," ya ce. "Bas, Maha. Cike da tsofaffi."

"Mu ma tsofaffi muka ɗauko," in ji Sitti daga baya. "Kai Mukhtaru, ashe akwai gonaki a wurin nan? Shekara nawa kana wucewa da ni ban taɓa ganinsu ba. Ni dai na san in ga fari, in ga baƙi, a ce an iso."

"Suna nan tun da, Inna."

"To yau na gan su. Ga dabino har da 'ya'ya. Ƙawata, kada ki ƙara ko kaɗan."

Wayar Mukhtaru ta yi ƙara. Sa'ud ne, yana tambaya ko a turo musu jaki ya ja su. Mukhtaru ya ce masa ya kula da kyamarorin hanya, ya kashe.

Da suka wuce Usfan, wata babbar mota ta kaɗa musu iska, Maha ta ji bayan Jims ya yi wani lilo mai laushi, ya daɗe kafin ya daidaita. Kaɗan ne, babu wanda ya lura sai ita. Da ta hango gidan mai a gaba ta kunna sigina.

"Tun yanzu?" in ji Mukhtaru. "Ko awa ba mu yi ba."

"Sitti za ta sabunta alwala."

"Ni?" in ji Sitti. Ta haɗa ido da Maha ta madubi. "E, ni. Shayin nan na safe."

Maha ta ajiye motar a inuwar rumfa kusa da shagon mai faci. Ummi da 'yan matan suka tafi da Sitti bayan gida. Ya rage daga ita sai babanta. Ta zagaya tana ɗora tafin hannu a gefen kowace taya. Ta gaba ta hagu da zafi, amma hannu yana iya zama. Ta baya ta hagu haka, ta gaba ta dama haka. Da ta taɓa ta baya ta dama sai ta fizge hannunta. Wani wari na roba mai ɗumi yana tashi daga gindinta.

Maganganu suka cika mata baki, duk a shirye, wasu tun jiya take wasa su. Ta dubi babanta. Yana tsaye ya harɗe hannu a baya, yana karanta farashin man inji a jikin shago kamar zai saya.

"Abuya, ara min hannunka."

Ya zo ba da son ransa ba. Ta nuna masa ta baya ta hagu, ya taɓa, ya ɗaga kafaɗa. Suka zagayo, ya ɗora hannu a kan ta dama. Bai kai ƙiftawar ido ba ya janye, yana yarfe yatsu.

"Rana ce," ya ce. "Wannan gefen take duka tun safe."

"Ta gaban ma a wannan gefen take."

Ya taka ya je ya taɓa ta gaban. Ya bar hannunsa a kai. Ya dawo ya sake gwada ta bayan, da bayan yatsu wannan karon, ya sake janyewa. Sai ya tsuguna, duk da ciwon bayan, ya zura wa tayar ido.

"Ita kaɗai na samu na taɓa," ya ce a hankali, "kafin ku fito."

"Na gani."

"Kin gani ba ki yi magana ba?"

"Na yi maganar jiya, ta ishe ni."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "A casa'in ke nan ta yi wannan zafin."

"A casa'in, kuma ko awa ba a yi ba."

Bai tambaye ta abin da zai faru a ɗari da arba'in da duka huɗun a sassauce ba. Ta ga yana lissafin da kansa, idonsa ya tafi kan kujerar tsakiya inda carbin Sitti ke rataye. Ya miƙe yana dafa motar, ya ɗaga murya ya kira mai facin.

Sai da suka bar tayar ta huce. Aka shimfiɗa darduma a inuwa, Ummi ta fito da fulas, aka yi shayi na biyu. Maha ta bi gefen tayar da hannu da ido, ciki da waje, ba ta ga kumburi ko tsaga ba. Mai facin ya jawo tiyo, ta miƙa wa babanta ma'aunin ta nuna masa inda zai tsaya. Shi da kansa ya riƙe, yana cewa a ƙara, a ƙara, ya isa. Sitti tana kallonsu daga kan darduma tana tauna dambu da sauran haƙoranta.

"Yau kuma zuba mata ake yi? Da na san cirewa ake yi."

"Zamani ne, Inna," in ji Mukhtaru.

Da suka koma hanya bayan motar ya daina lilo. Baƙaƙen duwatsu suka fara bayyana dama da hagu, kwalta tana rawa a gaba saboda zafi, nan da can ɓallen tayar wani yana kwance a gefen hanya kamar mushen maciji. Da Mukhtaru ba ya ganinsu. Yau duk wanda suka wuce sai ya bi shi da kallo. Ƙafarsa ta daina neman totur.

"Idan mun isa," ya ce can, yana kallon gaba, "wane harafi zan ce wa mai shago?"

"S ko T. Wanda ya fi haka ma ba laifi. Kuma ta mota, ba ta tirela ba."

"S ko T." Ya maimaita kamar mai hadda. "Waɗannan kuma a ba masallacin unguwa, suna da tankin ruwa mai taya. Sun daɗe suna faci."

"Alhaji Marwan fa?"

"Zan fara zuwa gaishe shi tukuna. In ce masa tayoyinsa sun kawo uwata Madina lafiya. Ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ba, Abuya."

Wayar ta sake ƙara. Sa'ud ya ce sun hango gari, a ajiye musu abinci ko a ba almajirai rabonsu? Mukhtaru ya ce su ci kawai, su suna tafe a casa'in, kuma Inna ta ga dabino. Sa'ud ya ce bai gane ba. Mukhtaru ya ce zai gane.

Sun shiga Madina azahar ta wuce, la'asar da saura. Sitti ta yi barcinta ta farka, tana cewa ba ta taɓa isowa ƙafarta ba ta kumbura ba sai yau. A ƙofar gidan da suka saba sauka, Sa'ud ya fito yana sakace, ya shirya tsokanarsa tun daga nesa. Mukhtaru bai ba shi dama ba. Ya sauka, ya wuce shi, ya je ya tsuguna a gindin sabuwar motar, yana bin lambobin gefen taya da yatsa har ya kai ƙarshe.

"Sa'ud, zo nan. Ka san abin da wannan harafin yake nufi?"

"Yaya, bayan naka ya warke ne?"

"Zo ka durƙusa, na ce."

Maha ta bar su a nan. Ta zagaya ta buɗe wa kakarta ƙofa, ta sauko da keken, Sitti ta ce a mayar, da ƙafarta za ta shiga.